Lamba Bakwai: Musayar Baitoci a Kan Baba Yara

Ɗan Autan Sawaba

Sallama gare ku, iyaye da yayye na Zango,
Ga ɗanku ya zo da tambaya kan Baba Yara.

Sunansa na nan a goshin filin wasan Kumasi,
Muna shiga, muna fita, muna ihu da ƙara.

Amma a ce mana, me mutumin ya yi da ƙafarsa?
Sai mu yi tsit, ba wanda zai iya ko ya fara.

Ba mu da faifansa a waya kamar na 'yan yanzu,
Sai tsohon hoto, baƙi da fari, ya sha ƙura.

Kada ku ba ni kirari kaɗai, na ji kirarin,
Ku ba ni aikin dalla-dalla, in na kauce ku gyara.

Wace irin ƙwallo? Wane takalmi? Wace doka?
Me lamba bakwai ke yi, har tasa ta yi zarra?

Kawu Mai Usur, Asawase

Ɗana, ka yi tambaya irin ta mai hankali,
Sai mu ɗauko maka zancen tun daga asali,
Osman Seidu ne sunan yanka, ba a jin sa a fili,
Baba Yara laƙabi ne, shi ya bi shi har kushewa.

A 1936 aka haife shi, wannan ne farko,
A 1955 ya sa jar riga ta Asante Kotoko,
Gefen dama aka ba shi, ya riƙe shi da ƙarko,
Sarkin 'yan gefe na Afirka ta Yamma, ba mai musawa.

Lamba a lokacin matsayi ce, ka ji gaskiya,
1 gola, 2 da 3 da 5 su ne katangar baya,
4 da 6 su ƙwato su raba, su ne 'yan tsakiya,
Biyar na gaba, 7 zuwa 11, su ke kutsawa.

7 a dama, 11 a hagu, kowanne ya taka layi,
8 da 10 su ɗan janye baya, su ɗauki nauyi,
9 a tsakiyar gaba, ci kaɗai aka ce ya yi,
In ka zana su a ƙasa, W da M ne ke fitowa.

Hikimar taka layi, ka ja lamba 3 zuwa waje,
Rata ta buɗe tsakaninsa da 5, katanga ta baje,
Nan 8 zai ratsa a guje, shiru, ba garaje,
In 7 ya shigo ciki da wuri, ƙofar ce ke rufewa.

Filin da kake shiga, kamfanin UAC ne ya gina,
A 1959 aka buɗe, da sunan gari yake amsa suna,
Kafin shi, a Jackson Park ake taruwa da rana,
Zamanin Kufuor aka sa masa wanda kake karantawa.

Badukun Alabar

Mai usur, ka zana fili, ka bar abin da ake bugawa,
Bari baduku ya sa baki, tunda zancen na fata.

Fatar saniya ce jemammiya, ƙyalle 18,
Uku-uku a jere, fuska shida ke nan gare ta.

Ta ciki ake ɗinki, da zare mai shan kakin zuma,
A bar baki kamar tsawon yatsa, sannan a juya ta.

Ta bakin nan ake cusa bilada ta roba,
A hura da famfo, a ɗaure wuyan, a tura shi cikinta.

A rufe da harshen fata, a zarga igiya a kai,
Kamar zargen takalmi, a ja sosai a matse ta.

Kewayenta inci 27 zuwa 28,
Nauyi oza 14 zuwa 16, haka doka ta tsara ta.

Amma awon na farkon wasa ne, tana busasshiya,
Ba wanda ke sake aunawa in ruwa ya jiƙa ta.

Ga shi Kumasi damina biyu take yi a shekara,
Fata ta sha ta ƙoshi, taɓo ya bi ya lulluɓe ta.

Wadda ke tashi kamar kurciya a minti na 5,
A minti na 80 sai mai ƙashin ƙafa ke ɗaga ta.

Maganinta kitse, a shafa tun daren jajibiri,
A bi layin ɗinki da yatsa, ta nan ruwa ke shigarta.

In an tashi, a wanke taɓo, a rage mata iska,
A inuwa take bushewa, kar a kai ta bakin wuta.

Wadda ta sha rana ko wuta, fatar ce ke tsagewa,
Wadda aka bari tim a jiƙe, ƙwai take zama, ta karkata.

Sai igiyar nan: in ƙullinta ya kwana a waje,
Mai sa kai ya sha tsaga a goshi, jini ya fita.

Don haka ake tura ƙullin ciki da basilla,
A bi da guduma a hankali, har igiyar ta kwanta.

Na koma kan takalmi, shi ma fata ne har idon sawu,
Hancinsa da tauri kamar ƙwarya, don dukan nesa.

Haƙora shida a tafinsa, huɗu gaba, biyu baya,
Fata ce aka jera faifai-faifai, aka kafe da ƙusa.

Busasshen filin rani shi ke cinye fatar,
Haƙori ya gajarce, ƙusa ta huda ta taso bisa.

Mutum na gudu, ƙarfe na cin tafin ƙafarsa,
Safa ta jiƙe da jini, haka zai ƙarasa wasa.

Shi ya sa akwatin kulob ba ya rabo da guduma,
Da ƙafar ƙarfe ta baduku, a dasa ta a ƙasa.

A hutun rabin lokaci a kifa takalmin a kanta,
A danne kan ƙusar, a sa kwali ciki, a miƙa masa.

Mai haƙorin murɗawa, da Jamus ta ci kofi a 1954,
Sai mai hali, ba kowane yaron Zango ke ganin irinsa.

A 1951 ma 'yan Gold Coast sun zaga Birtaniya,
Da tafin Allah suka buga, ba wanda takalmi ya dame sa.

Malam Mai Horo, Aboabo

Baba baduku, Allah ya ƙara wa hannu albarka,
Ka nuna wa yaro nauyin abin da ake ɗauka,
Ni kuma ga matakan, ɗana, buɗe kunnuwanka,
Guda biyar ne, in ɗaya ya zube babu aiki.

Na ɗaya tsayuwa: bayanka ga layi, ƙirji ga fili,
Ka ga mai ba ka, ka ga mai tsaronka, ka ga alƙali,
Mai ba ɗan baya ƙeya ya rushe nasa tubali,
Kafin ya waiga an share ƙafarsa, yana mamaki.

Na biyu tarba: da cikin ƙafa, taku guda gabanka,
Ba ƙarƙashinka ba, sai ta harɗe maka sawunka,
Ba taku uku ba, ɗan baya ya riga ka ya ɗauka,
Jiƙaƙƙiya kuwa, taɓo na riƙe ta kamar birki.

Na uku tunkara: ka doshi ɗan baya kai tsaye,
Da gajeren taku, ƙwallo kusa, ba kewaye-kewaye,
Idonka kan ƙugunsa, ƙafa niyyarta take ɓoye,
Ƙugu ba ya ƙarya, can ne ma'aunin jiki.

Na huɗu yanka: in saura taku biyu ku haɗu,
Sauke kafaɗar hagu kamar ciki za ka gudu,
Da ya ɗora nauyi a ƙafar ciki, ya ruɗu,
Tura ta waje da bayan ƙafar dama, ka saki doki.

In ka yi da wuri, yana da sararin gyarawa,
In ka makara, ƙafarsa ta riga ka isowa,
Yadi biyar na farko su ne wurin tserewa,
Wanda ba shi da su ya bar gefe, ya koma ciki.

Na biyar kuros: ka kai layin ƙarshe kafin ka buga,
Ɗaga kai sau ɗaya tak, ka ga inda 9 zai shiga,
Mayar da ita baya-baya, tana gudun mai raga,
Tsakanin yadi 6 da ɗigon fenariti, nan ne maki.

Dalili biyu: wadda ta dawo daga layin ƙarshe,
Ba satar gida a cikinta, mai tuta ba shi da harshe,
'Yan baya kuma na duban ragarsu, su juyo yaushe?
Mai miƙa ƙafa a gigice kan jefa ta gida, ya yi tsaki.

Da nannauyar ƙwallo kar ka nemi lanƙwasa,
Kafa ƙafar tsayuwa gefenta, baya kaɗan, kusa,
Shiga ƙarƙashinta da wuyan ƙafa, ta tashi bisa,
Mai bugu da yatsa ya fasa farce, ya tafi da miki.

Wannan duka allo ne, kowane koci na biyawa,
Abin da ya raba Baba Yara da sauran masu bugawa,
Gudu da ƙwallo a ƙafa, bai rage shi wurin yankawa,
Ɗan baya ya san abin da ke tafe, ba mai kai masa ɗauki.

Alhajin Nima, Akra

Mutanen Kumasi, sannunku da baitoci, na gaishe ku,
Sai dai kun rungume shi ku kaɗai, kun manta na ƙasa ne, na Gana.

A 1961 ya sauko Akra, ya shiga Real Republikans,
Wadda shugaban wasanni Ohene Djan ya haɗa da yardar Nkrumah, ku tuna.

Dabarar ita ce, biyu daga kowane babban kulob,
Su zauna wuri guda, su san ƙafar juna.

Don Black Stars ta samu ginshiƙin da ya saba,
Ba baƙi da aka tara jiya, a ce su buga yau da rana.

Amfanin ya fito a Agustan 1962, a nan Akra,
Real Madrid ta sauka, Di Stefano da Puskas, manyan suna.

Masu kofin Turai 5 a jere, aka tashi 3 da 3,
Wanda ya zo yi mana darasi ya tarar da wuta na ƙuna.

Kuma in ana zancen yanka, ku bar mana kujera guda,
Mohammed Polo na Hearts, na Nima, hagunsa na magana.

Shi ba tsere wa ɗan baya yake ba, jiransa yake ya zo,
Ya taka ƙwallo, ya yafito shi, ya bar shi ƙasa ya zauna.

A 1977 Mufulira ta Zambiya ta ci mu 5 da 2 a can,
A El Wak muka rama 3 da nema, cin waje ya tsaya mana.

Ban ce ya fi naku ba, kar Asawase ta taso mini,
Ɗaya iska ne, ɗaya tarko, kowa da yadda ya gina.

Kawu Mai Usur, Asawase

Alhaji, Polo gwani ne, ba mai ja, mun sallama,
Amma batun Republikans akwai sauran gardama,
An cire mana Yara da Dogo Moro a tsakar hidima,
Wanda ya shuka daban, wani daban ke girbewa.

Kofin FA huɗu a jere suka ɗauka, ba musu,
Yaya ba za su ci ba, an tatso kowa an ba su?
Juyin mulkin 24 ga Fabrairun 1966 ya same su,
Kulob ɗin da ba shi da unguwa, ranar ya fara watsewa.

Kotoko kuwa beguwa ce, ka kashe dubu, dubu na tafe,
Osei Kofi ya tashi ya gaji sarautar gefe,
Kofin kulob na Afirka na 1970, a Kinshasa aka rufe,
2 da 1, Abukari Gariba da Malik Jabir ke zurawa.

Ɗan auta, ga dokar da Yara ya yi wasa a ƙarƙashinta,
Ba jan kati, ba rawaya, sai 1970 suka fita,
Alƙali da baki yake gargaɗi, ya ɗauki suna ya rubuta,
Sai ta'asa ta yi ta'asa ake kai wa ga korewa.

Sharar ƙafa ta baya, da yau ke kai mutum waje,
A da in an taɓa ƙwallo, sai a ce tashi ka je,
Canji kuwa ba kamar yau ba, mutum biyar a aje,
Mai rauni a tura shi gefe ya ɗingisa, ba ficewa.

Satar gida: in kun yi daidai da ɗan baya, ka sata,
Sai 1990 aka ce daidai halal ne, aka sassauta,
Gola na ɗaukar fasin ɗan gidansu da hannu ya huta,
Sai 1992 aka hana, don lokaci ake kashewa.

Shi golan ba safar hannu, hula ce kawai don rana,
In ya kama, ƙafarsa a ƙasa, kafaɗa ba a hana,
Nasara maki 2, canjaras 1, haka aka auna,
Kunnen doki a gidan wani riba ce, ba abin rainawa.

Hajiya Mai Jinya, Yalwa

Yayyena, kun yi ta gudu a gefe, kun tsallake rana guda,
Ni zan faɗe ta, tunda aikinmu ne jinya.

24 ga Maris 1963, an buga a Kpandu,
Republikans ta ci Volta Heroes 5 da nema, aka kamo hanya.

A Kpeve motar kulob ta zame a kan kwana,
Da yawa sun ji rauni, shi Yara nasa a ƙashin baya.

Shekara 26, daidai lokacin da ɗan gefe ke nuna,
Ga sauri bai tafi ba, ga wayo ya iso gaba ɗaya.

Ƙashin baya gaɓa 33 ne, da rami a tsakiyarsu,
Ta nan laka ta bi, ita ke kai saƙo kamar waya.

Ƙashi in ya karye yana ɗoruwa, maɗori ya sani,
Laka in ta tsinke saƙo ba ya sauka, ƙafa ta daina tafiya.

An kai shi Ingila, asibitin Stoke Mandeville,
Wanda a ciwon laka ya yi suna a duniya.

A Agustan shekarar ya dawo gida, ba a kan ƙafarsa ba,
Sarkin 'yan gefe, sai an juya shi sannan ya juya.

1 ga Disamba, Gana ta ci Sudan 3 da nema a Akra,
Kofin Afirka na farko, ba shi a jerin goma sha ɗaya.

5 ga Mayun 1969, a asibitin Korle Bu, ya cika,
Shekara 32. Allah ya ba shi Aljanna maɗaukakiya.

Malam mai horo, ku ke yawo da yara a mota,
Riƙe wannan: wanda ya faɗi ya ce baya, ko ya ce wuya,

Ko ya ce ƙafa ta mutu, ko kamar kiyashi na binsa,
Kar a zaunar, kar a ja hannu, kar a kinkima, kar a goya.

A kira 112, a bar shi kwance yadda yake,
Mutum ɗaya ya riƙe kai da tafi biyu, kar ya waiwaya.

In dole sai an ɗauka, uku su mirgina jikin tare,
Kai da ƙirji da ƙugu a layi, kamar gungume ɗaya.

A kan katako ko ƙyaure, ba tabarma ba, ba zane ba,
A tare kai da tsumma dama da hagu, a ɗaure da igiya.

Ba ruwa, ba koko, ko ya roƙa, ko kun tausaya,
In za a yi tiyata, cikin da ba komai ya fi lafiya.

Ɗan Autan Sawaba

Allah ya jiƙan sarki, ya haskaka makwancinsa,
Inna, na ji naki, kuma zan faɗa wa sauran yara.

Amma Malam, ga abin da ke damuna a wasan yau,
Lamba 7 bahago ne, ciki yake yankowa ya zura.

Layin kuma an bar wa lamba 2, ya hau ya sauka,
To aikin da kuka zana ya mutu ne, ko da saura?

Malam Mai Horo, Aboabo

Da saura, ɗana, sai dai an sauya masa mazauni,
Tun 4-2-4 ta Brazil a 1958 ake ta sauyin launi,
Ingila ta ci kofi a 1966 ba 'yan gefe, sabon zamani,
Amma wadda aka mayar daga layi har gobe tana ba da maki.

Bahago a dama harbi yake nema, ba laifi,
Sai dai in ba shi da hanyar waje, wuƙarsa ba kaifi,
Ɗan baya ya toshe ciki, ya kama shi kamar kifi,
Mai hanya biyu shi ke sa mai tsaronsa ciwon ciki.

Kafa duwatsu biyu a layi, tsakaninsu yadi goma,
Na farko wurin tarba, na biyu ɗan baya, ka soma,
Yanka 20 ta waje, 20 ta ciki, hagu da dama,
Kowanne ya ƙare da kuros, ba tsayawa, ba birki.

Shimfiɗa buhu tsakanin yadi 6 da ɗigon fenariti,
In 10 cikin 20 ba su faɗa kansa ba, ƙara sati,
Gajiyayyiyar ƙafa na aika ƙwallo har kan titi,
Don haka huta minti 2 bayan kowane 10, ka saki jiki.

Bayan nan a ɗauke dutse a sa mutum mai rai,
Dutse ba ya miƙa ƙafa, ba ya karanta kai,
In ka wuce shi sau 4 cikin 10, ka fara daidai,
A ƙara masa mataimaki a bayansa, ka sake farmaki.

Badukun Alabar

Malam, kafin yaro ya fara, a duba abin bugawar,
Ta yau roba ce, ba ta shan ruwa, amma iska na ɓata ta.

Ɗana, ɗaga ta sama, hannu miƙe, ka saki kan siminti,
In ta dawo ƙirjinka, daidai aka hura ta.

In ta tsaya a ƙugu, ƙara mata famfo kaɗan,
In ta wuce haɓa ka rage, kar kuros ya wuce da ita.

Kuma jiƙa allurar famfo da ruwan sabulu kafin ka soka,
Busasshiyar allura ke yaga bakin bilada, ta huda ta.